Dashen Furanni a Kanaɗir ta Ƙasar Masar

A watan Fabrairun 2019 Allah ya nufe mu da ziyarar ɗalibanmu da ke karatu a Azhar. Wata ranar Asabar suka kai mu Kanaɗir, arewa da birnin Alƙahira, inda kogin Nilu ya rabu biyu, reshe guda ya nufi Rashid, guda ya nufi Dimyaɗ. Tsohuwar madatsar da aka fara ginawa zamanin Muhammadu Ali tana nan, lambuna sun kewaye ta.

Masu renon furanni ne suka tsayar da mu. Mu da ba ma taɓa ƙasa sai hadari ya haɗo, sai ga mutane durƙushe suna ta dashe, ba mai ɗaga kai ya dubi gabas. Wani dattijo ya ce su da lissafin watannin Ƙibɗawa suke aiki. Watan Amshir, mai kamawa 8 ga Fabrairu, sanyi ya fara sassautawa, itatuwa na farkawa, to a nan ake yanko reshen wardi da na yasmin a kafa cikin tukwanen ƙasa. Wanda ya yi nawa, iskar hamsin mai zafi da ƙura za ta riske shi tun saiwa ba ta kama ba.

Muka saurara da kyau, amma zumuɗi ya ja mu muka sayi dashe shida domin farfajiyar makarantarmu. Mun manta Maris na Garwa ba na Masar ba ne. Kafin mako uku biyar sun ƙone, duk da yaran aji shida na ba su ruwa safe da yamma. Yasmin guda ta tsira, ita ce a inuwa, gindin randar alwala.