Ɗan sa-ido a biron Kona

Bayan wani ɗan ofis da ke gefen Kona, can wajen Tasawa a jihar Maraɗi, akwai wata doguwar gora da aka jingina da katanga. Kowace safiya ƙanena yakan zura wayarsa cikin 'yar jakar yadi, ya ƙulle bakin, ya rataya ta a kan gorar, ya miƙar da ita sama kamar mai shirin kakkaɓar aduwa. Daga nan sai ya shiga ɗaki ya kunna kwamfuta. A ƙasa babu rezo, sai a sama, shi ma ba kullum ba. Wayar ce ke cafko shi daga tsayin nan, ta raba wa kwamfutar ta taga. Ranar da na fara ganin haka na tambaye shi ko wani saƙo mai muhimmanci yake jira. Ya yi dariya ya ce, "A'a Yaya, ɗan sa-ido nake ɗagawa ya kai ƙarata Yamai."

Ƙungiyar da yake wa aiki, wadda ba zan kama sunanta ba, tana riƙe da rumbun ajiyar hatsi da wake. Manomi ya kawo buhunsa da kaka lokacin da farashi ya faɗi, a ba shi ɗan bashi, in bazara ta yi kuɗi ya tashi ya biya ya ɗauki kayansa. Aikin ƙanena shi ne lissafi: buhu nawa, tiya nawa, na wa, yaushe. Wata rana sai takarda ta zo daga babban biro cewa kowace kwamfuta ta ƙungiyar za a sa mata manhajar da za ta riƙa nuna lokacin da aka kunna ta, abin da aka buɗe, da minti nawa hannu ya yi yana taɓa madannai ko yana jan linzami. Mutanen ofis ba su wahalar da harshensu da sunanta na nasara ba. Ɗan sa-ido suka raɗa mata, sunan kuwa ya bi ta.

Shigar da ita kaɗai ya ci kusan wata guda. Da farko an ce ya sauko da ita ta intanet. Sau huɗu tana kaiwa rabi tana tsinkewa, kowane tsinkewa kuma kuɗin kati ne ya tafi. Ƙarshe aka zuba ta a kile, wato 'yar ma'ajiyar USB, aka ba wani direban motar kasuwa ya kawo daga Maraɗi. Kile ya iso, sai kwamfuta ta ce ba ta yarda a sa mata komai sai da kalmar sirrin mai iko da ita, mai ikon kuwa yana Yamai. Aka kira shi, ya karanto kalmar harafi bayan harafi, aka buga, ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Har ya fara cewa ko yaron bai iya karatu ba ne.

Yaron ya iya karatu. Kwamfutar ce mai harshe biyu. Ta hannu ce, an sayo ta a Kano, madannanta na Ingilishi ne, amma wanda ya shirya ta a Maraɗi ya saita cikinta da tsarin Faransanci. A tsarin Faransa, inda Ingilishi ya ajiye Q nan A take zaune, inda W take nan Z take, M ma ta yi ƙaura, lambobi kuma ba sa fitowa sai ka haɗa da madannin da ke ɗaga harafi. In kana rubuta wasiƙa idonka zai nuna maka kuskuren nan take. Amma gurbin kalmar sirri ɗige-ɗige kawai yake nunawa. Kana danna A da zuciya ɗaya, ita tana karɓar Q. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a wannan yanki na iyaka, inda kaya ke zuwa daga Najeriya, takardu kuma ke zuwa da Faransanci, ya san wannan ciwon kai, sai dai ba kowa ke tuna shi a lokacin da ya kamata ba.

Da aka wuce nan, sai riga-kafin kwamfutar ya tashi tsaye. Ana gama sa manhajar ya damƙe ta ya jefa a kurkukunsa, ya fito da jan rubutu cewa ya kama abin da ke leƙen asirin mai kwamfuta. Ni dai ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Abin da ke ƙirga dannawarka, yana ɗaukar hoton fuskar kwamfutarka, yana aikawa waje ba tare da ka ce a aika ba, kamanninsa ɗaya da kayan ɓarayin intanet. Bambancinsu kawai wanda ya aiko su. Sai da aka koya wa riga-kafin cewa wannan ɓarawon na gida ne, a bar shi ya wuce.

Aka yi hamdala, aka ce an gama. Sai shiru. Mako uku babban biro bai ga ko layi ɗaya daga Kona ba. A allon da suke dubawa can, sunan ƙanena toka-toka yake, kamar na wanda bai taɓa buɗe ofis ba. Kira ya zo, ba na gaisuwa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kullum ina nan, ga littafin rumbu ma." Aka ce littafi ba ya cikin tsarin.

Wani mai gyaran waya da kwamfuta daga Tasawa ne ya warware ta, cikin abin da bai kai dahuwar shayi ba. Bai ma buɗe manhajar ba. Ya duƙa ya dubi kusurwar allo ta ƙasa, wajen dama, inda ake ganin agogo, ya ce, "Malam, wace shekara muke?" Kwamfutar tana 1 ga Janairu 2010. Ya kwance murfin, ya sa farce ya ɓanɓaro wani ɗan batiri farin ƙarfe, faɗinsa kamar ƙwandala, wanda ake rubuta CR2032 a bayansa. Shi ke riƙe wa kwamfuta kwanan wata in an yanke mata wuta. Yana yin shekaru, amma yana mutuwa, kuma wannan ya mutu tun kafin ta ƙetaro iyaka. A ofis mai wuta dare da rana ba lalle a lura ba. A nan kuwa fanon rana ɗaya ne da batirin mota, magariba na yi ake kashe komai don a yi tattali. Saboda haka kowace safiya kwamfutar tana farkawa ne a ranar da masu ƙera ta suka ajiye mata.

To me ya haɗa kwanan wata da rahoto? Kafin kwamfuta ta miƙa sirri ga babbar na'urar da ke karɓa, sai waccan ta nuna mata takardar shaida, mai ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Tamu ta duba, ta ga takardar da za a rubuta nan da shekara goma sha wani abu, ta ce jabu ce, ta kama bakinta. Ba ta yi ƙorafi da ƙarfi ba, cikin wani ɗan fayil ta rubuta kokenta inda ba mai leƙawa. Mai gyara ya sa sabon batiri, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya saita agogo, aka ɗaga gora. Rahoton da ya tafi kuwa abin dariya ne: ya nuna mutum ɗaya ya yi aikin mako uku cif a rana ɗaya, ranar sabuwar shekarar 2010.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙauye ce kaɗai. Wutar da garuruwan Maraɗi da Damagaram ke sha, kaso mai yawa daga Katsina take tasowa ta biyo ta Gazawa. Da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ofisoshin birni ma sun ɗanɗana kashewa da kunnawa. Ina kyautata zaton kwamfutoci da dama a lokacin sun wayi gari a wata shekarar.

Bayan batiri sai awa ɗaya ta ɓata. Nijar tana gaban agogon GMT da awa guda, na'urar da ke karɓar rahoto kuwa da GMT take lissafi, ba wanda ya tuna ya gyara. Ƙanena yana buɗe ofis ƙarfe takwas ya rufe ƙarfe biyar, takarda tana nuna bakwai zuwa huɗu. Ba wanda ya yaba masa sammako. Tashi da wuri aka tambaye shi.

Duk waɗannan ana gyara su da farce da haƙuri. Wanda ba ya gyaruwa shi ne abin da ɗan sa-idon ya ɗauka aiki. Na yini a ofishin ranar karɓar kaya. Tun hantsi amalanken shanu suka yi layi. Ƙanena yana bakin rumbu, alƙalami a kunne, yana zura hannu cikin buhu ya ji ko waken ya bushe, yana raba gardama tsakanin wata dattijuwa da ɗan mijinta kan buhu biyu da kowa ke cewa nasa ne. "Inna, ki zauna inuwa, ba wanda zai taɓa miki kaya," haka ya yi ta lallashi har azahar. Ya ci ƙura, muryarsa ta dishe. A rahoton ranar, awa shida ja wur: babu motsi. Washegari ba kowa, iska kawai ke kaɗa ƙofa, ya zauna yana gyara launin jadawali yana ja da linzami sama da ƙasa. Ranar ce ta fito kore shar, mafi kyau a watan.

Masu wannan fasaha a can inda aka ƙago ta ma ba su tsira ba. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da 12 bisa zargin suna kwaikwayon motsin madannai don a ga kamar suna aiki. Akwai 'yan na'urori da ake sayarwa a fili, aikinsu kawai su riƙa jijjiga linzami. A Faransa kuma, hukumar kare bayanan jama'a ta CNIL ta sanar a Janairu 2024 cewa ta ci tarar reshen Amazon mai kula da rumbunan kaya Yuro miliyan 32, saboda bin diddigin ma'aikata ya wuce gona da iri: na'urar hannunsu tana rubuta wanda ya yi minti goma bai duba kaya ba, har da wanda ya duba kaya biyu cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da kwata. Rumbu ne can, rumbu ne nan. Can saurin ma laifi ne.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba wanda ya kira daga Yamai a kansa. Kwamfutar nan ita kaɗai ce a kusa, kuma mutum uku ke amfani da ita da suna ɗaya. Malamin lakwal yakan zo ya buga jerin 'yan jarrabawa. Wani yakan zo a rubuta masa takardar neman aiki. A allonta ake buɗe sunayen matan da suka ci bashi da waɗanda suka kasa biya, abin da wasunsu ko mazansu ba su gaya wa ba. Ɗan sa-ido kuwa lokaci-lokaci yana ƙyasta hoton duk abin da ke allon ya aika. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukuma ta musamman a kanta, HAPDP. Ban ji an tambayi ko mace ɗaya cikin matan nan ba. An sa ido don a kama ma'aikaci, asirin maƙwabta ke hawa gora.

Ban ce shugaba ba shi da haƙƙin sanin abin da ake yi da kuɗinsa da kayansa ba. Wanda ya taɓa zuwa ofis sau uku yana tarar da kwaɗo a ƙofa ya san dalilin da ya sa ake neman irin wannan abu. Amma akwai wata manhajar da ma'aikatan lafiya na ƙasar nan ke aika rahoto da ita, DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar gina ta. Ita yara nawa aka yi wa riga-kafi take tambaya, mata nawa suka haihu, zazzaɓi nawa aka gani. Ta waya tana iya ajiye bayani in babu rezo, ta aika in ya dawo. Tana da nata wahalhalun, majo na kowane asibitin ƙauye zai ba ka labari. Sai dai abin da take ƙirgawa shi ne abin da aka ɗauki mutum ya yi. Da buhu aka ƙirga a Kona, da littafin rumbu ya isa.

Akwai wani tsoho mai gadin rumbun, wanda ke kwana a tabarma bakin ƙofa. Shi ya san ranar da ƙanena ya makara saboda suna, ya san ranar da ya kai isha'i yana daidaita lissafi da fitilar waya. Mai shayi ma ya sani, matan da ke wucewa rijiya sun sani. Ba a taɓa kiran ɗayansu ba.

Ranar da zan tafi, an sake sauke amalanke uku. Ƙanena ya leƙa ɗaki, ya dubi allo, ya dubi layin mutane. Sai ya kira jikan mai gadin, yaro ɗan shekara bakwai da ke wasa da gwangwani, ya ɗora shi kan kujera, ya aza masa hannu a kan linzami. "Ka riƙa ja haka, a hankali, kamar kana dama fura. Kada ka danna komai." Yaron ya gyara zama da fuskar manya. Tsohon yana kallo daga tabarmarsa, ya ce, "Shi ma za a sa shi a albashi?" Ƙanena ya zaro alƙalami daga kunne ya nufi rumbu. Can sama iskar hunturu tana kaɗa 'yar jakar, gorar tana lanƙwasa tana miƙewa.