Lambar 95 da ke bayan murfin tankina

Ƴar Corolla ɗin da nake hawa ta hannu ce, daga Turai ta taso, ta sauka Kotonu, sannan ta iso Maradi. Kuɗin gonar da muka gada na haɗa da adashen maiɗakina na saye ta, don haka ko tari ta yi sai gabana ya faɗi.

Ranar farko da na buɗe murfin tanki a sitasiyo, sai na ga wata ƴar takarda manne an rubuta 95 RON. Na tambayi yaron da ke zuba mai ko esansinsu 95 ne. Ya dube ni ya ce: «Alhaji, super ne.» Gaskiyarshi. A nan ba mu da famfo uku kamar Faransa inda mutum ke zaɓen 95 ko 98. Super ɗaya ne, sai gazwal, mafi yawansu daga matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011.

Wani abokina ya ce ai in ban ƙara mata magani ba injin zai mutu. Haka na shekara ina sayen wata ƴar kwalba da aka ce tana ɗaga octane, jika uku duk cikon tanki biyu. Ban taɓa jin wani bambanci ba, amma tsoro ya hana ni bari.

Sai azumin 2025, lokacin da super ya yi wuya, layi ko'ina. Aka kira ni cewa jikin gyatumata ya tashi a Damagaram. Rabin tanki gare ni. Na kama hanya da rana tsaka, ni da ƙanena da maiɗakina da yara biyu, ga buhun gero a baya. Bayan mun wuce Tasawa na ga allura ta kwanta, na tsaya wurin masu ruwa-ruwa na sayi kwalba goma. Kalar man ta ɗan yi mini wani iri, amma wa ke duban kala alhali uwarshi na kwance?

Ba mu yi nisa ba, duk sa'ad da na taka don in wuce babbar mota sai in ji ƙara kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani ana kaɗawa. Na zazzage kwalbar maganin nan duka a tanki. Ƙarar ba ta fasa ba. A hankali muka lallaɓa har Takeita, daga nan Damagaram, ana kiran magariba. Alhamdu lillahi tsohuwa ta samu sauƙi, tana nan da ranta.

Washegari na kai motar garajin wani dattijo. Ya ɗebo man a tafin hannunshi, ya shinshina, ya jira. Esansi mai kyau nan da nan yake bushewa. Wannan ya bar maiƙo. Ya ce: «Ɗana, an gauraya maka da kananzir.» Na ce: «Baba, to maganin da na zuba fa?» Dariya kawai ya yi.

Shi ya zaunar da ni kan benci ya warware mini abin da na shekara ina biyan kuɗi ban gane ba. Lambar octane ba ƙarfin mai ba ce. Juriyarshi ce. Fistan yana matse iska da esansi, buji ya ba da wuta, su ƙone a tsanake su tura fistan ƙasa. In man ba ya da juriya, matsi da zafi sukan sa wani sashe ya fashe da kanshi kafin wutar buji ta iso gare shi. Wannan fashewar ita ce tsakuwar da na ji, kuma in ta daɗe tana iya cinye kan fistan. Kananzir juriyarshi ƙasa take ƙwarai, kaɗan ya isa ya ɓata tanki guda. Ga zafin rana, ga kaya, ga ni ina takawa: duk na haɗa mata.

Game da 95 ɗin kuwa, ya ce motocin zamanin nan suna da wata na'ura jikin inji mai sauraron wannan ƙara. Da ta ji, sai kwamfutar motar ta ɗan jinkirta wutar buji. Ƙarfi ya ragu kaɗan, inji ya tsira. Shi ya sa shekara guda ina shan super na sitasiyo ban taɓa jin komai ba. Na'urar ce ke aikin, ni kuma ina gode wa kwalba. Amma gyaranta na da iyaka, ba ta iya wa kananzir.

Wani abin da ya ƙara mini: masu motocin da suka fito daga Amurka za su ga 87 a littafinsu, kada su ɗauka tasu ta fi ƙasƙanci. Lissafin ne daban, 87 ɗinsu kusan 91 ne a ma'aunin Turai. Kuma motar da aka yi wa 91, ko ka samo mata 98 ba za ta ƙara gudu ba. Masu turbo ne ya ce su yi hattara sosai, don matsinsu ya fi yawa.

Ba na zagin masu ruwa-ruwa. Shekaru da yawa, kafin Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, su suka riƙe rabin garin nan, kuma da yawansu mai tsabta suke sayarwa. Ran nan ma ba don su ba da a daji za mu kwana. Sai dai yanzu in dole ta kama ni, nakan ɗiga a hannu in jira ya bushe kafin in ce a zuba.

An zubar da tankin, an wanke, an sauya buji huɗu da matatar mai. Jika ashirin da biyar suka tafi. Maiɗakina har yau in ta ga kwalbar maganin nan a kanti sai ta taɓa ni ta ce: «Maigida, ga abokinka.»