Tsoron Idon Jama'a a Zamanin Korona

Bahaushe ya ɗauki kunya a matsayin ado. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban manya, ko yarinyar da ba ta iya haɗa ido da baƙo, yabo suke sha, a ce sun sami tarbiyya. Sai dai a bayan wannan kyakkyawar ɗabi'a akwai wani ciwo da kan laɓe, wato matsanancin tsoron shiga jama'a, wanda likitocin ƙwaƙwalwa suka lissafa cikin cututtuka. Mai wannan lalura, da zarar ya ji ido a kansa, sai gabansa ya dinga faɗuwa, gumi ya keto masa, murya ta kama rawa, domin gani yake kowa jira yake ya yi kuskure a yi masa dariya.

Annobar korona ce ta sa muka fara lura da irin waɗannan bayin Allah a cikinmu. A ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da ɓullar cutar a Legas, kuma daga 30 ga Maris aka hana fita a Legas da Ogun da Abuja. Makarantu suka kasance a rufe, ga yajin aikin malaman jami'o'i wanda ya kai har Disamba. Aka daina musabaha, aka taƙaita sallar jam'i da biki da zaman makoki. Mu da ke zaune a Kudu, ƙaramar sallar shekarar ta riske mu nesa da dangi, saboda an hana zirga-zirga tsakanin jihohi.

Yawancinmu ƙunci muka shiga, amma wasu daga cikin ɗalibanmu sun shaida mana daga baya cewa su hutu suka samu. Babu mai tayar da su tsaye a aji, babu zagayen gaisuwa, kuma takunkumi ya rufe fuskar da a kan tambaya labarin zuciya. To, a nan gizo ke saƙar. Duk lokacin da mutum ya kauce wa abin da yake tsoro, zuciyarsa kan yi sanyi na ɗan lokaci, sannan tsoron ya daɗa kafuwa, tun da bai sami damar ganin cewa abin bai kai yadda yake zato ba. Wata da watanni aka yi a haka. Da aka koma karatu, sai ga ɗalibin da a da yake daurewa ya karanta waƙarsa a gaban aji, yanzu ko ƙofar ajin ta zame masa dutse.

Illar ba ta tsaya a aji ba. Wanda ya daina zuwa suna da jana'iza, ya bar waya tana kuka bai ɗauka ba, nan da nan dangi za su ce ya yi girman kai, abokai su ce miskili ne, kowa ya ja jikinsa. Kaɗaici ya haifi baƙin ciki, barci ya ƙaurace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko ta annobar.

A watan Mayun 2023 hukumar ta janye matakin gaggawa a kan cutar, amma har yau akwai waɗanda ba su gama fitowa daga kulle ba. Wannan ciwo yana da magani, kuma akwai ƙwararru a asibitoci irin na Yaba da na Aro a Abekuta, waɗanda kan koya wa mutum tunkarar jama'a sannu a hankali. Namu aikin shi ne mu rage saurin yanke hukunci. Malami ya fara sauraron ɗalibi cikin mutum biyu ko uku kafin ya tsayar da shi gaban ɗari. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Idan ƙafar ɗan'uwa ta yi masa nauyi, sai mu ɗaga tamu mu je, mu yi sallama, ko da ba za mu daɗe ba.