MASAUKI BABU MAI MASAUKI A BIRNIN DAURA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin wannan jarida tamu mai farin jini, in ba 'yan'uwana ma'aikata labarin wani sabon irin masauki da ya shigo garuruwanmu. Na san akawuna da malaman makaranta da yawa aiki ya kan tura su garin da ba su san kowa ba, saboda haka maganar ta shafe mu duka.

Ga yadda abin ya ke. Mutum mai hali ya gina gida, ya raba shi sassa-sassa, kowane sashe da falo da ɗakin kwana da makewayi da ɗakin girki. Ya zuba gado da kujeru da firji da murhun gas, har tukwane da cokula. Ya ɗauki yaro mai shara da sauya zannuwan gado, ya sa mai gadi a ƙofa. Baƙo ya biya kuɗin kwanakin da zai yi, a miƙa masa makulli, shi ke nan ya zama mai gida. Ba otal ba ne, gama ba a dafa maka abinci, sai ka dafa da kanka ko ka sayo. Ba kuma haya ba ce irin wadda muka sani, gama ba mai neman kuɗin shekara a wurinka. A Abuja da Kano abin ya riga ya yawaita. A cikin irinsa na yi kwana biyar a Daura, sa'ad da ofishinmu ya aike ni duba waɗansu takardun lissafi.

Kada jama'a su yi mamakin samun wannan a Daura. Garin ya yi baƙi cikin 'yan shekarun nan fiye da yadda ya saba. A 2019 aka kafa masa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, a ƙarshen shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. A 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara za ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana jawo injiniyoyi da malamai da 'yan kwangila, mutanen da za su yi mako ko wata, ba su kuwa son zaman ɗaki guda na otal. Sa'an nan ga masu zuwa ziyara tun daga ran 15 ga Yuli 2025, ranar da aka binne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa na Daura, Allah ya jiƙansa.

In faɗi gaskiya, na ji daɗin wurin. Na baza takarduna a kan tebur har kwana biyar ba wanda ya taɓa su. Na dafa shayina a lokacin da na ga dama. In wuta ta ɗauke a kan tayar da inji har zuwa tsakar dare. Wanda ya taɓa sauka a gidan ɗan'uwa ya san nauyin da ke ciki: a kori yara daga ɗakinsu dominka, a yanka kazar da ba a yi niyyar yankawa ba, uwargida ta yi ta ɗawainiya, kai kuwa kunya ta hana ka ce ka ƙoshi. A zamanin nan da kwanon hatsi ya yi tsada, ɗauke wa mutane wannan nauyi ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kuɗin ba na akawu ba ne. Da ba ofis ne ya biya ba, da ban wuce kwana ɗaya ba.

To, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Da na shiga na kulle ƙofa, sai na lura ba wanda ya tambaye ni ko ni ɗan wane ne, daga ina na fito, me ya kawo ni. Mai gidan ban gan shi ba har na tafi. Ta waya muka yi ciniki, ta waya na biya. Watau na sami masauki, amma ban sami mai masauki ba.

Ga iyayenmu waɗannan biyu ba su rabuwa. Falke in ya iso gari da jakunansa ya kan sauka a wurin fatoma. Fatoma ne zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya gaya masa wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. In rigima ta tashi shi zai tsaya masa a gaban alƙali, in kuwa baƙon ne ya yi ɓarna, fatoma za a nema. Malami matafiyi ya sauka a zauren malami ɗan'uwansa, wanda ba shi da kowa a kai shi wurin mai unguwa. Baƙo yana da mai tsaya masa, gari kuma yana da wanda zai tambaya game da baƙo. Makulli ba ya yin ko ɗaya daga cikin biyun.

Ina ganin babu garin da wannan magana ta fi dacewa da shi kamar Daura. Tun muna yara a makarantar mishan aka koya mana labarin Bayajida, muka haddace sunayen Hausa Bakwai don jarrabawa, amma sai da na tsaya a bakin rijiyar Kusugu, wadda yanzu aka kewaye da gini, na sha ruwanta, sa'an nan na kula da wani abu a cikin labarin. Masu ba da tarihi sun ce Bayajida da dare ya iso garin, baƙo, ba wanda ya san shi. Ya sauka a gidan wata tsohuwa, Ayana. Ya roƙe ta ruwa, ta ce masa ai a garin nan ba a samun ruwa sai ran Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiya. Daga bakin mai masaukinsa ya ji damuwar gari, ya karɓi guga, ya tafi ya yi abin da ya yi. Da gari ya waye Sarauniya Daurama tana cigiyar wanda ya kashe macijin, an ce tsohuwar nan ce ta tuna da baƙonta. Malam Edita, ka duba. Da Bayajida ya sauka a irin ɗakin da na sauka, ya murɗa famfo ruwa ya zubo, da ya shayar da dokinsa ya kwanta, da asuba ya yi gaba, maciji kuwa yana nan a rijiya!

Ni wanda ya zame mini Ayana shi ne mai gadi, wani dattijo mutumin wajen Sandamu. Ba aikinsa ba ne, ba kuma a biyansa don haka. A rana ta biyu na fito na zauna kusa da shi a kan benci, na ce, "Baba, ina a ke samun fura mai kyau a garin nan?" Ya dube ni ya ce, "Ashe kana magana, ɗana? Na ɗauka irin waɗanda su ke shiga da mota su fita da mota ne." Daga nan bakinsa ya buɗe. Shi ya sa jikansa ya raka ni Kusugu da ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya hau gadon sarauta a 2007. Shi ya ba ni labarin yadda sarakunan Haɓe suka fita daga birni a zamanin jihadi suka zauna a Zango, har Turawa suka komo da Malam Musa kan sarautar Daura a 1906. Ya ce in ina son ganin Daura da kyau in komo lokacin Sallar Gani, cikin watan Mauludi. Ya kuma gargaɗe ni in zan koma Kano in tashi da hantsi, kada in yi daren hanya.

Ran Lahadi na tafi kasuwar Mai'aduwa, kusa da iyakar Nijar, inda a ke hada-hadar shanu da raƙuma da tumaki. A can na ga tsohon tsarin bai mutu ba. Mai dabba ya zo daga nesa, ba ya sayarwa sai ta hannun dillalin da ya san shi, mai saye kuma ba ya miƙa kuɗi sai ya ga wanda zai nema in dabbar ta zama ta sata. Dukiya mai yawa tana sauya hannu a kan sanayya.

Saboda haka ina da roƙo. Masu irin waɗannan gidaje su sa mutum ɗan gari mai hankali wanda aikinsa ke nan ya karɓi baƙo, ya san sunansa da abin da ya kawo shi, ya nuna masa masallaci ko coci da asibiti da kasuwa, a kuma biya shi a kan haka. Su rubuta kuɗin kwana a manna a ƙofa, da sa'o'in da za a tayar da inji, don kada a yi gardama daga baya. Masu unguwanni kuma ya kamata a riƙa sanar da su wanda ya sauka a unguwarsu, musamman a gari na bakin iyaka a wannan lokaci da tsaro ya ke damun Jihar Katsina. Ina so in ji ra'ayin malaman Daura a kan wannan, ko na waɗanda suka sauka a irin gidajen nan a Katsina da Kano, in Edita ya ba su fili.

A gaishe mini da ma'aikatan jarida duka.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.