Fitilar da mai ita ba ya gani

Na yi shekara arba'in da ɗoriya ina aikin wayar mota, wanda ake ce wa rewaya. Goma sha biyu daga ciki a Ingila na yi su, a wani ƙaramin gareji kusa da Silverstone, filin tseren da aka yi a kan tsohon sansanin jiragen yaƙi, inda aka fara gasar Formula 1 ta duniya a 1950. Motocin da muke gyarawa na masu ƙaramin ƙarfi ne, mutanen da ke aikin ofis ko shago duk mako, ran Asabar su ɗora motarsu a kan tirela su tafi tsere. A can ne wata 'yar jar fitila da ba ta kai tafin hannu ba ta koya mini abin da har yau nake faɗa wa yarana.

Fitilar ruwa ake ce mata, a bayan mota ake ɗaura ta. Idan ana tsere cikin ruwan sama, tayoyi kan kwashe ruwan titi su watsa shi sama kamar hazo, har na baya ya kasa ganin komai sai fari fat. Wannan jan ɗigon ne kaɗai ke gaya masa akwai mutum a gabansa. Ranar da na fara aiki, maigidana, wani dattijon Bature, bai ba ni filaya ba sai da ya ba ni labarin Didier Pironi. A 1982, a filin Hockenheim na Jamus, Pironi na kan gaba a gasar duniya da motar Ferrari. Ana gwaji cikin ruwa, ya fito zai wuce Derek Daly, ashe motar Alain Prost na cikin feshin, bai gan ta ba. Ya dake ta ta baya, motarsa ta tashi sama, ƙafafunsa suka kakkarye, bai sake yin tseren Formula 1 ba. Irin haka ta faru da Ayrton Senna a Adelaide a 1989, da ya afka wa Martin Brundle, ta kuma faru da Michael Schumacher a Spa ta Beljiyam a 1998, da ya daki David Coulthard ya koma gareji da taya uku. Gwanayen duniya ke nan. Idan ido bai gani ba, gwaninta ba ta da inda za ta kama.

Aikin kansa ba shi da wuya, shi ya sa ake raina shi. Ƙa'idar da muka yi aiki da ita ta ce ƙwan ya kai wat 21, a kafa shi a tsakiyar bayan mota, kada ya kauce da fiye da santimita 10. Ƙwai mai wat 21 a batir mai bolt 12 bai cika jan amfiya 2 ba, don haka fis mai amfiya 5 ya wadatar. Sai dai a sa fis ɗin kusa da inda aka ɗebo wuta, domin wayar da ke gabanin fis ba ta da mai kare ta. Wutar kuma daga bayan babban makunnin da ke kashe motar baki ɗaya ake ɗaukarta, yadda idan an yi haɗari aka murɗa shi, babu wayar da za ta rage da wuta kusa da fetur. Makunnin fitilar a sa shi inda direba zai taɓa yana ɗaure tamau da bel, da safar hannu da hular kwano. Duk ramin ƙarfen da waya za ta bi a sa masa zoben roba, a nisanta ta da salansa, a ɗaure ta taki-taki kada ta yi lilo. Mahaɗa a matse ta da filayar matsi a rufe da robar da zafi ke tsukewa, domin murɗa waya da hannu a naɗe da tef ba ya jure girgizar tsere. Fitilun yanzu na LED kuwa, idan ka juya musu waya ba za su kama ba.

Duk wannan na sani, amma na yi kuskure. Wata ranar Juma'a da dare, na gaji, saura wayar dawowa, wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota don wuta ta cika zagayenta. Na samu wani noti a kan ƙarfe mai sabon fenti na ɗaura a nan, ban kankare fentin ba. Na kunna, ta kama. Da safe masu duba motoci suka kunna, ta kama. Aka fara tsere, ruwa ya sauko, girgiza ta sassauta notin, fitila ta mutu. Direbanmu bai sani ba, ba kuma yadda za a yi ya sani, tun da tana bayansa. Ya rage gudu a wata kwana, wani saurayi ya dake shi ta baya. Allah ya taƙaita, direbanmu ya fito lafiya, saurayin ya karye a wuyan hannu.

Ba wanda ya zarge ni. Kowa ya ce ƙwai ne ya ƙone. Da daddare na kwance wayar, na ga fentin nan lafiya lau a ƙarƙashin notin, na san aikina ne. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, ran Litinin na je na faɗa wa maigidana. Ya yi shiru, sannan ya ce mini fitilun gaba na mai mota ne, wannan ta baya kuwa ta wanda bai biya mu ko kwabo ba ce, bai ma san sunanmu ba. Ya sa na je asibiti na duba saurayin, na gaya masa da bakina. Ban taɓa yin tafiya mai nauyi irin wannan ba, amma da na fito na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Tun daga ranar nake kankare ƙarfe da samfefa har ya yi ƙyalli kafin in ɗaura waya, idan bodin na faiba ne in ja waya ta biyu har wurin batir. Ba na kuma yarda da fitilar da ta kama mota na tsaye. Sai na tayar da inji, na girgiza wayar da hannu, na watsa mata ruwa, na koma taku hamsin baya na tsuguna daidai tsayin idon direba na duba. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Yau na dawo gida, ido ya yi rauni, yara ne ke riƙe da filaya. Idan direban babbar mota ya kawo gyaran fitilun gaba ya ce a bar na baya sai wani jiƙon, nakan ce masa, Malam, zauna ka sha ruwa. In tuna masa daren damina da hazon hunturu, da motar haya cike da mata da yara da ke biye da shi ba su san yana nan ba. Wani ya ji, wani ya ce ba kuɗi. Wanda ya ce ba kuɗi nakan sa yaro ya gyara masa kyauta, in tsaya a kansa har ya kankare fentin.