Wasiƙa a Lokacin Yaƙi

A zaman lafiya, wasiƙa asiri ce tsakanin mutum biyu. Amma da Yaƙin Hitila ya tashi a shekarar 1939, sai Gwamnatin Ingila ta sa na uku a tsakani, watau ma'aikacin da ke buɗe ambulan ya karanta, ya soke abin da bai dace ba da baƙar tawada ko ya yanke shi da almakashi, sa'an nan ya liƙe da takarda mai lambarsa.

Wannan doka ta taɓa har mutanen Gwaram da Birnin Kudu, waɗanda a lokacin su ke cikin Lardin Kano. Samarin Arewa da yawa sun shiga soja, aka kai su Indiya a 1943 da 1944, daga can suka wuce Bama don su kara da Japan. Soja ba shi da iznin faɗin garin da ya ke, ko sunan jirgin ruwan da ya ɗauke shi, ko yawan abokan tafiyarsa. Sai hafsansa ya duba wasiƙar tukuna ta tafi. Tsohuwa a Gwaram ta kai wa malami takardar ɗanta, ya karanta mata gaisuwa, amma inda ɗan ya kwana babu mai gaya mata.

Dalili kuwa a fili ya ke. Jirgin da ke ɗauke da jakar wasiƙu yana iya faɗawa hannun abokan gaba. Wannan ya ambaci rana, wancan ya ambaci tasha, in aka haɗa su sai ga hanyar ayari duka. Baki shi ke yanka wuya.

Wasiƙar da za ta shiga Jamus ko ƙasashen da ta mamaye ta fi wannan tsanani. Gidan waya ba ya kai ta kai tsaye. A Ingila sai a miƙa ta a buɗe ga kamfanin Thomas Cook, ya bi da ita ta akwati mai lamba 506 a Lisbon, babban birnin Fotugal, don ita ba ta cikin yaƙin. Ba a sa hoto ko taswira a ciki, ba a zancen kome sai na iyali. Hanya ta biyu ita ce takardar ƙungiyar Red Cross, wadda ke bi ta Janiba, an kuwa ƙayyade kalmominta, 25 kurum.

To, mai karatu ya gwada wannan da alƙalaminsa. Gaisuwa irin tamu kaɗai ta isa ta cinye kalma 25. Dole mutum ya zauna ya auna: wa ya rasu, wa aka haifa, wa ke da rai. Saƙon ya kan yi watanni a hanya, duk da haka wanda ya karɓa ba ya raina shi, gama abin da ya daɗe yana jira ke nan: “Muna nan lafiya.”