Yadda Na Koyi Yi wa Baba Tausar Ƙafa

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar kasuwa ce ta sha kaina. Yau ina so mu tattauna kan wani abu da samarinmu ke ɗauka aikin mata ne ko na ƙananan yara, wato tausar ƙafa.

Duk wanda ya tashi a Sabo ta Shagamu ya san cinikin goro da ƙafa ake yin sa. Tun safe mutum yana tsaye: ya zaga wajen matan Yarabawa masu kawo goro, ya tsaya kan masu zaɓe, ya duba ɗaurin huhu, ya jira a gama lodin motar Kano. Baba ya haura shekara 30 a wannan harka, ga kuma ciwon suga da ya same shi daga baya.

Ni ɗan fari ne, kun kuwa san yadda abin yake a gidajenmu. Baba ba ya kama sunana, sai dai "kai" ko "yaron nan", kuma zancenmu ba ya wuce gaisuwa da lissafin kuɗi. Da can Inna ce ke matsa masa ƙafa. Da ta tafi Kano jinyar kakarmu, sai na riƙa jin sa yana juyi cikin dare, na kuma san ba zai taɓa cewa in zo in yi masa ba.

Saboda ciwon nasa, na fara da tambayar wata nas a asibitin da yake karɓar magani. Ta ce mai suga yakan rasa ji a ƙafa, don haka ruwa mai ɗumi kawai za a yi amfani da shi, a gwada da gwiwar hannu, a wanke ba tare da an daɗe ana jiƙawa ba. A tsane tsakanin yatsu sosai, kada a sa mai a wurin. Kada a matsa inda ke da rauni. In kuma ƙafa ɗaya ta kumbura, ta ɗau zafi, tana ciwo, kada a taɓa ta, a garzaya asibiti, domin yana yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, tausa kuwa na iya tura shi huhu.

Aikin hannun kuma wajen wani tsohon wanzami na unguwarmu na koya. Ya ce a fara narkar da man kaɗanya, wanda Yarabawa ke kira ori, a tafin hannu har ya yi ɗumi. A riƙe ƙafar da hannu biyu, a shafa daga yatsu zuwa idon sawu. Sannan a sa manyan yatsun hannu a tafin ƙafa, a riƙa dannawa daga diddige zuwa gindin yatsu. A bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, a juya idon sawu a hankali, a ƙare da sha-raɓa ana yin sama wajen gwiwa. Shafa sama-sama cakulkuli take jawowa, ƙarfi da yawa kuma ciwo, ga shi ƙashi 26 ne a ƙafa ɗaya. Ya ce fuskar mutum ita ce ma'auni. Minti 10 ya ishi kowace ƙafa.

Ranar farko bayan isha'i na durƙusa na ce, "Baba, ku kawo ƙafar." Ya dube ni, bai ce komai ba, ya miƙo.

A mako na uku na ga wani ɗan rauni a ƙasan diddigensa, ƙusa ce ta huda takalminsa, shi kuwa bai ji komai ba. Washegari muka je asibiti aka wanke, aka ba da magani, Allah ya sa ya warke. A kasuwar nan mun san waɗanda irin wannan ɗan rauni ya kai ga an yanke musu ƙafa.

Abin da ban zata ba shi ne hira. Da yake yana kwance idonsa na kallon rufi, ni kuma kaina a sunkuye, kunya ba ta shiga tsakani. A nan na ji labarin zuwansa kurmi a jirgin ƙasa, da shekarar da goronsa ya lalace a hanya, da bashin da ya biya bai gaya wa kowa ba.

'Yan'uwa, mu da muke zaune nesa da dangi, ba mu da gwaggo ko ƙanin uba a ɗaki na gaba da zai lura da tsofaffinmu, mu ne kaɗai. Wanda mahaifinsa ke wuni tsaye a Mile 12 ko Sabo ta Ibadan, ya nemi man kaɗanya, ya zauna ya duba ƙafar nan da kyau. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun sake haɗuwa.